Darasin Rediyo: Gina Mabuɗin Mararraba Don Gane Ganyen Itatuwa

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Daga nan Damagaram muke kawo muku darasin ilimin tsirrai na wannan mako. Yau ɗakin namu ƙamshin ɗanyen ganye kawai yake yi, don Malam ya shigo da buhu cike da rassa ya baje su bisa tebur. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, ɗiyata. Masu sauraro, ina gaishe ku. Kafin mu fara, wanda ke kusa da icce ya miƙa hannu ya karyo ɗan reshe. Reshe na ce, mai ganye huɗu ko biyar a jiki, kada a tsinko ganye ɗaya tal, za ku ji dalili nan gaba. Ƴan lakwal kuma ku ɗauko kaye, wato littafin rubutu, da bik.

Na zaɓi wannan lokaci na kaka da gangan. Gawo ya fara toho, kuka kuma ba ta gama zubar da nata ba. Da damina ba ka samun ganyen gawo, da tsakiyar rani ba ka samun na kuka. Yanzu ne suke haɗuwa bisa tebur ɗaya.

Mai gabatarwa: To Malam, ai mutanenmu sun san itatuwa. Kakata daga nesa take nuna sabara. Mene ne amfanin wani mabuɗi?

Malam: Kin taɓa tambayarta ta yaya ta gane?

Mai gabatarwa: Na tambaya. Ta ce ai sabara ce.

Malam: Yauwa. Kuma gaskiya ta faɗa, ba ta yin kuskure. Shekara sittin tana ratsa daji, idonta ya haddace. Amma wannan sani yana cikin idonta, ba ta da hanyar zuba shi cikin naki. Yaron da aka haifa a Sabon Gari, bai taɓa kiwo ba, bai taɓa zuwa itace ba, ina zai samu shekara sittin ɗin? Abin da za mu yi yau shi ne mu ɗauki abin da idon tsohuwa ke yi cikin ƙiftawa, mu warware shi ya koma tambayoyi, kowace tambaya amsarta biyu ce kacal, kuma ganyen da kansa ne zai amsa.

Ni ina kiransa mabuɗin mararraba. Ki tuna Takeita. In kin fito daga Zinder kin iso can, ko dai ki miƙe hanyar Maraɗi, ko ki karya kudu ki bi ta Matamai zuwa Kano. Wanda ya ɗauki hanyar Matamai ya gama da zancen Tasawa da ke hanyar Maraɗi, ba sai ya ƙara tunaninta ba. Haka mabuɗin yake: kowace mararraba tana zubar miki da tarin itatuwan da ba su ne ba, har ki tsaya gaban guda ɗaya. Wani masanin Faransa, Lamarck, shi ya yaɗa wannan dabara a littafinsa na tsirran ƙasarsu mai ɗauke da shekarar 1778, don mutumin da bai yi dogon karatu ba ya iya gano sunan tsiro da kansa. Har gobe da ita ma'aikatan gandun daji ke aiki.

Ga abin da na kawo, guda 12: kuka, tsamiya, aduwa, gawo, bagaruwa, dogon yaro, zogale, magarya, kalgo, sabara, tumfafiya da mangwaro. Ba wanda na yi nisa wajen nemansa. Ganye 12 na buƙatar mararraba 11. Kullum haka lissafin yake, yawan mararraba ya gaza yawan itatuwa da ɗaya. In kun gama naku kuka ƙirga bai yi daidai ba, akwai inda kuka bar biyu a ɗaki ɗaya.

Tambayar farko ita ce mafi wuya, kuma a nan zan daɗe. Ganyen guda ne, ko mai ƴaƴa ne? Ɗiyata, ɗauki wannan na dogon yaro. Nuna mini ganye ɗaya.

Mai gabatarwa: Ga shi. Wannan ɗan siririn mai lanƙwasa kamar lauje.

Malam: Kowa haka yake cewa ranar farko. To sa ido daidai inda ya manne. Kin ga wani ɗan ƙullutu a wurin?

Mai gabatarwa: Babu komai.

Malam: Yanzu bi tsinken nan kore har gindinsa, inda ya haɗu da reshe mai ɓawo. Duba cikin lungun, kamar hammata.

Mai gabatarwa: A nan kam akwai. Ɗan ƙarami, kamar ƙwayar gero.

Malam: Wannan shi ne idon toho, daga nan sabon reshe ke fitowa. Masu sauraro, ku riƙe wannan da kyau: duk inda kuka ga idon toho, daga nan ganye ya fara. Abin da ɗiyata ta nuna da farko ɗan ganye ne. Ganyen dogon yaro na gaskiya shi ne dukan tsinken nan da ƴaƴansa gaba ɗaya, ya fi tsawon tafin hannu. In icce zai zubar, da tsinken yake rabuwa. Ku duba ƙarƙashin dogon yaro in ana shara, za ku ga tsinkayen zube kamar na tsintsiya. Shi ya sa na ce ku karyo reshe. Wanda ya tsinko ɗan ganye ɗaya ya baro shaidar a bisa icce.

To mu raba. Masu ganye guda a hannun dama: tumfafiya, sabara, magarya, kalgo, mangwaro. Biyar. Masu ƴaƴa a hagu: kuka, aduwa, tsamiya, dogon yaro, zogale, gawo, bagaruwa. Bakwai. Ku lura, tambaya ɗaya ta raba tarin kusan rabi da rabi. Irin wannan ake so a sama. Da na fara da cewa yana da nono ko babu, da tumfafiya kaɗai na fitar, goma sha ɗaya na nan jibge. Tambayar da ke raba tari biyu daidai tana da ƙarfin da ba a zato: in kowace ta raba rabi, tambaya 10 ta isa ta fitar da icce ɗaya daga cikin 1024.

Ku rubuta. Lamba 1, layi na sama: ganye guda, je ka lamba 2. Layi na ƙasa: ganye mai ƴaƴa, je ka lamba 6.

Lamba 2, muna cikin biyar ɗin dama. Ku dubi zaman ganye a jikin reshe. Wasu suna fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a gaɓa ɗaya. Wasu kuwa ɗai-ɗai, wannan nan, wancan can gaba ta wani gefen. Masu fuskantar juna su ne tumfafiya da sabara, su tafi lamba 3. Sauran ukun, lamba 4.

Lamba 3 ba ta da wuya. Karya ganye: in farin ruwa kamar nono ya fito, tumfafiya ce. Yara, ku saurare ni, nonon tumfafiya yana yi wa ido mummunar illa. A karya nesa da fuska, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido. In babu nono, sabara ce. Ɗiyata, juya bayan ganyen sabarar nan ki kai shi wajen haske.

Mai gabatarwa: Ikon Allah. Akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, kamar an barbaɗa masa garin gawayi. Ban taɓa lura ba.

Malam: Ga shi kuwa sau nawa kika sha ruwan sabara. Wannan ɗigon ku rubuta shi a gefe, shaida ce ta biyu. Mabuɗi mai kyau yana kai ka ƙofa da tambaya, sannan ya ba ka wata alama da za ka tabbatar gidan ne.

Lamba 4: reshe na da ƙaya ko babu? Mai ƙaya magarya ce. Ƙayarta biyu-biyu take, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ita ce ke kama riga. Ganyen kuma jijiya uku ne ke tashi daga gindinsa. Marasa ƙaya, lamba 5: in kan ganyen ya rabu biyu kamar sawun raƙumi, kalgo ne. In bai rabu ba, dogo ne mai tsini, mangwaro. Hannun dama ya ƙare.

Mai gabatarwa: Malam, ni da ni ce, da na ce mangwaro babban ganye, magarya ƙaramin ganye. Ba ya fi sauƙi ba?

Malam: Na gode da kika kawo wannan, domin nan ne mafi yawan mabuɗai ke lalacewa. Babba a wurin wa? Ganyen kalgo babba ne kusa da na magarya, ƙarami ne kusa da na tumfafiya. Wanda ke riƙe da ganye ɗaya a tsakiyar gona ba shi da na biyun da zai gwada. Haka kore shar da kore-kore, haka mai kyau da maras kyau. In dole sai kin yi zancen girma, sa awo: ya wuce santimita 10, ko bai kai ba. Ko da awon ma a yi hattara, don ganyen da ya tsiro a inuwa ko a sabon toho bayan sara yakan fi na sauran jikin iccen faɗi. Ni na fi son abin da ake ƙirgawa, ko abin da ko dai akwai shi ko babu. Kuma layi biyun nan na kowace lamba su yi magana kan abu ɗaya. Kada na sama ya ce mai ƙaya, na ƙasa ya ce mai nono. In aka samu mai duka biyun, ko wanda ba shi da ko ɗaya, ina zai bi?

Wani abu kuma, kada ɗanɗano ya shiga mabuɗi. Na san tsamiya da tsami, dogon yaro da ɗaci. Amma mabuɗi don wanda bai san ganyen ba aka yi shi, kuma ba a sa abin da ba a sani ba a baki.

Mu koma hagu, lamba 6. Ƙaya kuma. Masu ƙaya: aduwa, gawo, bagaruwa, lamba 7. Marasa ƙaya: kuka, zogale, tsamiya, dogon yaro, lamba 9. Ba laifi ba ne tambaya ɗaya ta fito sau biyu a hanyoyi daban.

Lamba 7: ƴaƴan ganyen biyu ne tak, ko sun fi biyu? Biyu tak aduwa ce, kamar tagwaye a kan ɗan gajeren tsinke, ga doguwar ƙaya koriya a kusa. Sauran biyun su wuce lamba 8, kuma a nan sai an natsu, domin gawo da bagaruwa dangi ne. Dukansu ganyen ya rabu, rabon ya sake rabuwa, ƴaƴan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Dukansu ƙaya biyu-biyu a miƙe. Ɗiyata, me za ki tambaya?

Mai gabatarwa: Zan ce, yana da ganye da damina ko babu? Gawo ai shi kaɗai ke tsayawa tsirara lokacin ruwa.

Malam: Wannan ita ce babbar alamar gawo a duniya, kuma ita ta sa manomi ke ƙaunarsa. Ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar kashi. Ku bi hanyar Mirya, Matamai ko Magarya ku ga gonakin da manoma suka raya gawo da hannunsu, suna barin toho suna yi masa aski maimakon su sare. Tsofaffi ma na ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya tsananta hukunci kan mai saran gawo. Duk da haka tambayar ba ta shiga mabuɗinmu. Mutum na tsaye da reshe a hannu a watan Nuwamba, za ki ce masa ya jira Agusta? A tambayi abin da ke hannu yanzu.

Ga shi. Ɗora rassan biyu kusa da juna. Ƙaramin reshen gawo fari-fari ne, kamar an shafa masa toka, yana tafiya da ɗan karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, ƙayarsa gajera mai kauri a gindi. Na bagaruwa duhu ne, ƙayarsa siririya. To lamba 8: reshe fari-fari, gawo. Reshe mai duhu, bagaruwa. Shaida ta biyu, in an samu ƴaƴan iccen, ba na ganye ba, a ƙasa: na gawo ja-ja ne, a murɗe. Na bagaruwa toka-toka ne, su ne majema ke daka su jeme fata da su. Wanda ya taɓa wucewa ta majemar garin nan ya san su ko ido rufe.

Saura kaɗan. Lamba 9: ƴaƴan sun tashi daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu, kuka ce, yawanci biyar zuwa bakwai. In sun jeru gefe da gefen tsinke kamar gashin tsuntsu, lamba 10. A nan, in tsinken ya sake yin rassa, rassan ma suka sake, zogale ne. In sau ɗaya ya rabu, lamba 11: bakin ɗan ganye mai haƙora kamar zarto, dogon yaro. Baki sumul, kai a dunƙule, tsamiya. Ku ƙirga lambobinku.

Mai gabatarwa: Goma sha ɗaya cif.

Malam: Alhamdu lillahi. Kafin mu gwada shi, bari in faɗi wani abu kan sunaye. Dogon yaro a nan, wani wuri bedi, a Kano darbejiya, icce ɗaya ne, asalinsa ma daga ƙasar Indiya aka kawo shi. Saboda irin wannan ne masana suka bi tsarin Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda tun 1753 ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu. Kuka ita ce Adansonia digitata. Kalmar farko sunan Michel Adanson ce, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, ta biyun kuma tana nufin mai yatsu. Gawo Faidherbia albida, kalmar ƙarshe na nufin fari-fari. Kun ji? Yatsun da muka gani a lamba 9 da farin da muka gani a lamba 8, su ɗin dai suka gani. Wannan yana faranta mini rai duk lokacin da na tuna.

To ɗiyata, ga wani reshe na ɓoye cikin aljihu. Kada ki faɗi suna ko kin sani. Bi lambobi.

Mai gabatarwa: To. Idon toho na gindin kowane ganye, ke nan ganye guda ne, lamba 2. Ɗai-ɗai suke, lamba 4. Akwai ƙaya. Magarya ce.

Malam: Ɗauko magaryar da ke bisa tebur, juya bayansu duka biyu.

Mai gabatarwa: A'a. Ta tebur bayanta fari ne, da laushi kamar auduga. Wannan kuwa bayanta kore ne, ba gashi. Malam, wannan ai kurna ce!

Malam: Kurna ce. Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba, kin bi hanya daidai. Mabuɗin ne bai san kurna ba, don ba mu sa ta ciki ba, sai ya kai ki gidan ƴar'uwarta. Mabuɗi ba ya cewa ban sani ba. Duk abin da kika ba shi sai ya kai shi wata ƙofa. Don haka a saman kayenku ku rubuta inda aka yi shi da itatuwan da ya ƙunsa, kuma in kun isa suna ku tsaya ku gwada da shaida ta biyu. Musamman masu neman ganye don magani ko don miya, kada a dogara da mabuɗi kaɗai, a nuna wa wanda ya sani.

Gyaran kuma ba rushewa ba ne. A lamba 4, inda muka rubuta magarya, a soke a sa je ka lamba 12. Lamba 12: bayan ganye fari mai gashi, magarya. Bayan ganye kore, kurna. Itatuwa 13, mararraba 12.

Akwai wani tarko da ya taɓa kama ni, kuma har yau ina jin zafinsa. Shekarun baya, a wata makarantar ƙauye da na koyar, mun shuka iri a leda don mu dasa a fili. Bayan ƴan makonni na ga wasu tsirrai masu ganye guda, ba yatsu, a layin da muka sa kuka. Na ɗauka haki ne ya shiga, na sa yara suka tuge kusan rabi. Mai gadin makarantar, wani dattijo, ya zo ya tarar, ya ɗauki ɗaya ya nuna mini ɗan kumburin saiwarsa, ya ce, Malam, ai ɗiyan kukar ne. Ƙaramar kuka da ganye guda take farawa, sai ta girma yatsun ke fitowa. Ko babbar ma, farkon tohonta na shekara yakan zo da ganye guda. Mun mai da waɗanda za su mayu, wasu sun kama, da yawa ba su kama ba. Tun ranar, duk mabuɗin da na rubuta sai na sa a kansa: a ɗauki ganye daga babban icce, a duba ganye da yawa, a bi abin da ya fi yawa. Aduwa ma wani tsohon reshenta ba ka ganin ƙaya, sai ka zagaya.

Mai gabatarwa: Malam, lokaci na neman ƙure mana. Wane aiki za ka bar wa masu sauraro?

Malam: Kowa ya zaɓi itatuwa shida na unguwarsu ko na gonarsu. Shida sun isa, mararraba biyar ke nan. A baje su a tabarma, a raba su da hannu tukuna gida biyu, sannan a tambayi kai me ya sa na raba su haka, amsar ita ake rubutawa. Wanda ke son ajiye ganyen ya shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin takardu, ya danne da bulo, ya riƙa canza takardar kullum har ya bushe, ya rubuta wuri da rana a gefe. In an gama, a miƙa kayen ga wani wanda bai ga lokacin da ake yi ba, ƙane ko maƙwabci, a ba shi reshe, a yi shiru. Kada a taimake shi ko da ido. Duk lambar da ya tsaya yana juya ganye yana kallon ka, sa mata alama, ita ce za ka sake rubutawa.

Mako mai zuwa zan zo da dakwara, mai ba da ƙaro. In kin bi da ita ta mabuɗinmu na yau, a lamba 8 za ta tsaya, tsakanin gawo da bagaruwa, alhali ba ɗayansu ba ce. Wanda ke da ita kusa ya je ya ƙirga ƙayar da ke gaɓa ɗaya, ya duba kuma ina kowace ta fuskanta, ya zo mana da amsa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara sani. Masu sauraro, sai mako mai zuwa war haka in Allah ya kai mu. A wanke hannu in an taɓa tumfafiya.